Wa Ke Tashi Cikin Dare Saboda Jaki? Tarihin Jinyar Dabbobi a Bahri



Shekaru da dama ke nan ina riƙe da littafin dattijon unguwarmu a nan Bahri. A cikinsa nake rubuta ɗaurin aure da sulhu, da bashin da aka kafa wa shaidu, da sunan baƙon da ya sauka da ranar da ya tashi. Akwai shafi ɗaya a littafin da ba na ɗan Adam ba ne. Na jaki ne, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan tarihi.

A watan Mayu na 2023 ne, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, wadda ta yi daidai da 24 ga Ramadan, bai daɗe da cika wata guda ba. Tun kwanakin farko tashar ruwan Bahri ta tsaya, famfo ya ƙafe, garin da ke kwance a bakin kogi ya koma sayen ruwa a ganga. Wani saurayi ke kawo wa layinmu ruwa daga Nilu a kan karo, wato amalanken jaki a bakin mutanen nan. Wata rana bayan isha'i ya buga ƙofa yana haki, ya durƙusa ya ce, "Baba, ƙarfen bam ya yanki jakina a cinya, jini ya ƙi tsayawa." Dattijo ya juyo ya ce mini, "Malam, duba mana, wa muka sani?"

Na buɗe littafi da hasken waya. Ga sunan ungozoma, ga maɗori, ga wanzami, ga masu wankan gawa maza da mata. Na mai duba dabba kuwa, ko ɗaya babu. Wata tsohuwa ce ta tuna da wani maƙwabci da ya yi ritaya daga aikin malamin dabbobi, yana zaune layi uku daga namu. Aka je aka taso shi. Ya wanke raunin da ruwan gishiri da aka tafasa, ya ɗinke shi da zaren tela, mu huɗu muna danne da jakin. Bayan mako uku jakin ya koma bakin kogi, gidaje fiye da goma suka ci gaba da shan ruwa.

Abin da ya tsaya mini a rai tun daren nan shi ne wannan: Bahri ce ke ɗauke da tsangayar likitan dabbobi mafi daɗewa a ƙasar Sudan, amma ko a lokacin zaman lafiya mu a unguwarmu ba mu san ƙofar da ake bugawa ba idan dabba ta faɗi da tsakar dare. Da na bi sawun tarihi sai na ga dalili. An gina aikin likitan dabbobi a ƙasar nan domin dokin soja da garken da ke kawo kuɗin shiga. Jakin talaka da akuyar tsohuwa, da kyanwar gida da karen gadi, tun fil azal a hannun maƙwabta suke.

Guzurin da kakanni suka zo da shi

Mu Hausawan Sudan a bayan dabba muka zo. Hanyar aikin hajji ta ƙasa, wadda ta taso daga Kano da Barno ta bi ta Abeshe, ta shiga Junaina da Fashir da Ubayyid kafin ta kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, tafiya ce ta watanni, ga wasu ma ta shekaru. Jirgin ƙasa bai isa Ubayyid ba sai wajen 1912, saboda haka daga yamma har can jaki da takarkari da raƙumi ke ɗaukar kaya da yara da tsofaffi. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906. Wannan hanya su ma suka biyo.

A irin wannan tafiya, jaki ya gurgunce daidai yake da iyali sun tsaya. Don haka kowane ayari ba ya rasa wanda ya san hannun dabba. Akwai mai ɗorin karaya da tsinken kara da tsumma, akwai mai sakiya idan kumburi ya nuna, akwai mai lalas da ƙarfe mai zafi. Ana ba dabba kanwa, ana jiƙa ɓawon maɗaci saboda tsutsar ciki, ana cire kaska da hannu a zango kafin a kwanta. Wasu daga cikin dabarun nan ilimin zamani ya yarda da su, wasu kuma, irin yawan lalas a kan kowane ciwo, ya nuna azabarsu ta fi amfaninsu. Amma abu ɗaya ya tabbata: taimakon yana kusa. Mai shi yana kwana a zango ɗaya da kai, kuma ba ya cewa ka dawo da safe.

Sun zo kuma da littattafai a gafaka. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani a gaban malami ya ji an karhanta yi wa dabba tambari da wuta a fuska, an kuma hana fiɗiye doki. Wanda ya kai Mukhtasar na Halil ya ji cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, yaranmu na allo ma sun san su. A mazhabar Malik da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an taƙaita ajiye shi ga gadin gona da garke da farauta. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa bangon gidan Ibn Abi Zaid ya taɓa faɗuwa a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Malik, ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Na kawo wannan ne domin wanda yake jin cewa taɓa kare mai rauni zai ɓata masa addini ya koma wurin malaminsa ya tambaya.

Daga baiɗara zuwa makaranta

Sunan da mutanen Sudan ke kiran likitan dabbobi da shi, wato baiɗari, tsoho ne. Larabawa na kiran wannan fanni baiɗara, kuma tun ƙarni na 9 Ibn Akhi Hizam ya yi rubutu a kan hawan doki da jinyarsa a zamanin Abbasiyawa. A ƙarni na 14, Abubakar ibn Badr, babban baiɗarin bargar Sarkin Masar al-Nasir Muhammad ibn Ƙalawun, ya wallafa Kamil al-Sina'ataini, littafin da ya tattara cututtukan doki da magungunansu. Mai karatu zai lura cewa doki ne a tsakiyar duk wannan ilimi, domin doki shi ne makamin sarki. Haka yake a ƙasar Hausa, inda fadar Kano ke da Shamaki mai kula da bargar sarki. Dabbar da ba ta zuwa yaƙi sai dai ta dogara da sadakar masu tausayi, kamar lambun da aka ruwaito Sarki Baibars ya yi waƙafinsa domin ciyar da kyanwoyin Alƙahira.

Turai ma da doki da saniya ta fara. Makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya an kafa ta a birnin Liyon na Faransa a 1761, a hannun Claude Bourgelat, wanda asalinsa malamin hawan doki ne, a lokacin da annobar shanu ke cinye arzikin manoma. A kwarin Nilu kuwa, Muhammad Ali Basha ne ya buɗe irinta a garin Rashid na Masar a 1827, saboda dawakin rundunarsa da shanun noma.

Annoba da yaƙi

Abubuwa biyu suka kawo wannan aiki Sudan a sigarsa ta zamani. Na farko annoba ce. Wajen 1887 ciwon bushiya ya shigo Afirka ta tashar Masawa tare da shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Ya ratsa Habasha, ya shiga Sudan a daidai shekarun yunwar da ake kira Sanat Sitta, wato 1306 bayan hijira, a zamanin Halifa Abdullahi yana mulki daga Omdurman. Daga nan ya nausa yamma, ya isa Barno da ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891. A wurare da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ta tsira. Fulanin Arewacin Nijeriya sun sa wa annobar suna Sannu, domin kalmar jaje ita kaɗai ta rage a bakin mutane. Ashe masifa ɗaya ce ta haɗa ƙasar da kakanninmu suka baro da wadda suka nufa.

Na biyu yaƙi ne. Ranar 2 ga Satumba 1898 rundunar Kitchener ta gwabza da mayaƙan Mahadiyya a Karari, arewa da Omdurman. A sukuwa ɗaya da mahayan Ingila suka yi a ranar, wadda Winston Churchill yana cikinta, sun yi asarar dawaki fiye da 100. Runduna mai dogaro da doki da alfadari da raƙumi ba ta tafiya sai da likitocin dabbobi, kuma waɗannan hafsoshin soja su ne suka fara riƙe sashen dabbobi na sabuwar gwamnatin Ingila da Masar. Aikinsu na farko shi ne lafiyar dabbobin sufurin gwamnati. Sannu a hankali ya faɗaɗa zuwa yaƙi da bushiya da ciwon huhun shanu, musamman saboda Masar na sayen shanu da tumaki daga Sudan kuma ba ta son a kai mata cuta. A 1913 aka buɗe ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Khartoum, wanda daga baya ya koma Soba. Takwaransa na Nijeriya ya kafu a Vom kusa da Jos a 1924, kuma dalilin kafuwarsa bai bambanta ba.

Shambat da Kuku da Kadaro

A 1938 aka buɗe makarantar likitan dabbobi ta Khartoum da ɗalibai 'yan ƙalilan. Ta shiga cikin Kwalejin Jami'a ta Khartoum a 1951, ta zama tsangaya a Jami'ar Khartoum a 1956, shekarar samun 'yancin kai. Mazauninta Shambat, a nan arewacin Bahri, kusa da tsangayar aikin gona, tana kallon Omdurman ta tsallaken kogi. A gabas da mu, a Hillat Kuku, akwai cibiyar binciken kiwo da kwalejin likitan dabbobi ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, ga kuma garaken shanun madara da suka riƙa shayar da birni kafin yaƙi. A arewa, a Kadaro, akwai mayanka da wurin killace dabbobin da za a fitar waje. Dabbobin da aka saya a kasuwar Muwailih ta yammacin Omdurman, da yawansu ta wannan gefe suka riƙa bi kafin su kama hanyar Bahar Maliya, kafin yaƙi. Idan aka ce Bahri ce cibiyar ilimin dabbobi a Sudan, ba a yi ƙari ba.

Kuma wajibi ne a yaba wa wannan gini, domin ya yi abin da ya fi ƙarfin mai sakiya da mai lalas. A 1962 aka fara babban gangamin allurar bushiya da ake kira JP15 a ƙasashen tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, daga baya ya iso gabashin Afirka har da Sudan. Allurar da Walter Plowright ya samar ta sauƙaƙa aikin. Cutar ta sake tasowa a farkon shekarun 1980, aka sake ɗaura ɗamara, har aka ga ƙarshenta a cikin ɓaunayen Kenya a 2001. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar bayan agana. Malaman dabbobin da suka bi rugage a ƙafa da bayan raƙumi suna ɗauke da allura a cikin ƙanƙara, irin maƙwabcinmu da ya ɗinke jakin nan, suna da kaso a wannan nasara.

Sai dai idon hukuma kullum a kan garke yake da tashar jirgin ruwa. Lokacin da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a 2007 a yankin Farin Nilu da Jazira da Sinnar, ko a 2019 da Saudiyya ta dakatar da sayen dabbobin Sudan saboda shi, gwamnati gaba ɗaya ta tashi tsaye, domin raguna na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin waje. Ba a ga laifinta ba. Amma babu wata ma'aikata da ke girgiza idan mota ta buge jakin mai karo a bakin kasuwa, ko akuya ta haɗiyi leda cikinta ya toshe. Kafin yaƙi, asibitin dabbobi na gwamnati da na jami'a sun riƙa karɓar irin waɗannan a lokacin aiki, 'yan asibitoci masu zaman kansu kuma sun buɗe a unguwannin masu hali domin karnuka da kyanwoyi. Tsakanin magariba da asuba, a unguwar talaka, sai abin da Allah Ya yi.

Zakunan lambun Ƙurashi

Khartoum ta taɓa mallakar gidan namun daji a bakin Shuɗin Nilu kusa da Mugran, inda kogunan biyu ke haɗuwa. Da yawanmu an kai mu can muna yara ranar Salla. A shekarun 1990 aka rufe shi, kuma a filinsa ne aka gina dogon otal ɗin nan na Burj al-Fatih. Namun daji suka koma ƙananan lambuna marasa kuɗin ciyar da su.

A watan Janairu na 2020 wani mutumin Khartoum mai suna Usman Salih ya shiga lambun Ƙurashi, ya tarar da zakuna sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Cikin kwanaki kaɗan hotunan suka zagaye duniya. Ɗaya daga cikin zakanyun ta mutu kafin taimako ya iso, amma mutanen gari suka yi ta kawo nama da magani, sannan ƙungiyar Four Paws mai mazauni a Ostiriya ta aiko da tawaga ƙarƙashin likita Amir Khalil, haifaffen Masar. Suka yi jinyar gaggawa, suka ceto wata zakanya da ake kira Kandaka, sunan sarauniyoyin Nubiya na dā. Daga wannan yunƙuri aka samu ƙungiyar Sudan Animal Rescue da matsugunin dabbobi a Baƙair, kudu da Khartoum a kan hanyar Madani.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, ba ofis ne ya fara tashi ba. Mutum ɗaya ne da wayarsa, sai masu sa kai suka biyo baya. Tsohuwar ɗabi'ar zango ce ta dawo cikin sabuwar riga.

Abin da yaƙi ya tona

Da yaƙin 2023 ya zo, duk ginin da aka yi shekara fiye da 100 ana ɗorawa ya tsaya cik. Bahri ta zama fagen fama, jami'o'i suka rufe, likitoci suka watse tare da sauran jama'a. Ranar 11 ga Nuwamba 2023 gadar Shambat da ke haɗa mu da Omdurman ta karye. Dabbobi masu rai da ke gidan tarihin halittu na Jami'ar Khartoum, kadoji da macizai da tsuntsaye, sun mutu a kulle saboda babu mai iya isa gare su. Mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasa. Wanda ya fita da 'ya'yansa a hannu bai iya ɗaukar tantabarunsa ba, kadisar gida, kamar yadda 'yan Sudan ke kiran kyanwa, ta koma bin kango. Karnukan da aka bari suka haɗu garke-garke, suka ci abin da bai kamata a ambata ba, suka daina tsoron mutum.

Matsugunin Baƙair ya faɗa tsakiyar wuta. A Nuwamba 2023 Four Paws ta kwashe dabbobi kusan 50, zakuna da kuraye da sauransu, zuwa lambun Umm Barona a Wad Madani. Wata guda bayan haka yaƙi ya ci Madani, aka sake kwashe su ta gabas. A farkon 2024 aka fitar da zakunan zuwa matsugunin al-Ma'awa a Jodan, daga can aka wuce da 11 zuwa Afirka ta Kudu. Ban yi wa zaki hassada ba, halittar Allah ce kuma ɗan Adam ne ya kulle ta a keji. Amma na lura cewa zaki ya samu jirgin sama, jakin da ke shayar da mu ya samu zaren tela. A waɗancan watanni da man fetur ya yi wuya, karo ne ya zama tankar ruwa, shi ne motar kai mara lafiya, shi ne makarar kai gawa maƙabarta.

Na san abin da wani zai ce: mutane na mutuwa, asibitocin mutane a rufe, kai kana maganar jaki? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni ma na binne waɗanda nake ƙauna a wannan yaƙi. Amsata ita ce lafiyar dabba da ta mutum a igiya ɗaya suke. Da jakin nan ya mutu, da mata da yara ne za su tafi bakin kogi ƙarƙashin harsashi. Akuyar da ta tsira ita ce nonon yaron da uwarsa ta rame. Kare kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurarsa a kan yaron da kare ya ciza, ya rayu. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar na yankewa. Wanda ya yi wa kare allura, ɗan maƙwabcinsa ya kare.

Abin da ya rage gare mu

Tun da sojoji suka karɓe Bahri a farkon 2025, mutane na dawowa kaɗan-kaɗan. Ana share gidaje, ana gyara famfo da wayar lantarki. Gyaran Shambat da Kuku da Soba aikin hukuma ne, kuma muna roƙon Allah Ya ba ta iko, domin babu mai maye gurbin likitan da ya yi karatu. Amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaƙi ya koya mana tsarin da bai jira kowa ba: ɗakunan agajin gaggawa na matasan unguwa, da takiyya inda ake dafa abinci a tukunya ɗaya a raba wa kowa. Abin da ya ciyar da mutum zai iya ɗaukar nauyin dabbarsa.

Ga abin da muka fara a unguwarmu, ko wata za ta ɗauka. Mun rubuta sunan duk wanda ya taɓa karatu ko aikin dabbobi a kusa da mu, ɗalibi ne ko mai ritaya, tare da izininsa a tashe shi da dare. Mun ajiye akwati a gidan dattijo mai ɗauke da bandeji da auduga da maganin wanke rauni da sabulu. Masu karo suna zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, domin ranar da jakin ɗayansu ya kwanta a samu kuɗin magani da na abincin gidansa.

Maƙwabcin namu kuma ya koya mana abin da ake yi kafin likita ya iso, na rubuta shi kamar yadda ya faɗa. Idan jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, kada a yi ta ɗagawa ana leƙe. A wanke rauni da ruwan da aka tafasa aka sa ɗan gishiri. Kada a zuba baƙin man mota ko ruwan batir ko toka, domin suna ƙona nama su jawo ruɓa. Rauni mai zurfi a jikin jaki ko doki yana buƙatar allurar titanus, ciwon nan da ke sandare jiki ya kulle haƙora. Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo, don haka idan ya ƙi cin abinci ya sunkuyar da kai, abin ya riga ya yi nisa, a nemi taimako a ranar. Kada a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Dabbar da ke cikin zafin ciwo tana cizon ko da mai ita, a rufe ta da bargo kafin a ɗauka, a kuma janye yara. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti neman allura a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Haukan kare idan alamunsa suka bayyana, ba a warkewa.

Kakanninmu sun ratsa daga Kano zuwa Sawakin ba su da asibiti ko ɗaya, amma ba su taɓa kwana a zango ba tare da sanin wanda za a tasa idan dabba ta faɗi ba. Mu da muka gaji Shambat a bayan gidanmu, mun kai ga daren da muka buɗe littafi ba mu sami suna ba. Yanzu a littafin dattijo, ƙarƙashin ungozoma da maɗori, akwai sabon layi mai sunaye huɗu. Ina roƙon duk mai riƙe da irin wannan littafi, a Omdurman yake ko Mai Wurno, a Kano ko Maraɗi, ya buɗe nasa yau ya duba ko akwai wannan layi.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu zama masu tausayin abin da aka ba mu amana. Wassalam.